Shanun da Seth Bai Karɓa Ba

Nassarawo, Mubi
Fabrairu, 1983

'Yata Liyatu,

Cikin alhini nake sanar da ke rasuwar gwangwanin madara na ƙarshe a gidan nan. Ya cika ranar Talata da safe bayan doguwar jinya, wadda a cikinta innarki Susana ta yi ta ƙara masa ruwa har ya daina gane kansa. Ya bar shayi maraya. Ba mu binne shi ba, domin a wannan zamani na tsuke bakin aljihu ba a zubar da gawa mai amfani. Yanzu shi ne ma'aunin gishiri.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, karatun aikin jinya kuma yana tafiya yadda ake so a wannan shekara taki ta ƙarshe. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ta daina yi mini biyayya, da albashin malamai da ya zama kamar labarin Isra'ilawa a jeji: ana jin an taso, ba a ga isowa ba.

Mijinki Seth ya iso Muchalla lafiya da 'ya'yanku Dorcas da Christy, kuma mahaifiyarsa Hajaratu ta yi murna ƙwarai, ko da yake idonta ya ƙara dushewa. Ya zo ya gaishe ni. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ƙi kujera, ya ƙi shayi, wanda a halin da shayin yake ciki ban ga laifinsa ba. Na tambaye shi yadda masaƙar Kaduna ta sallame su, ya ce lafiya. Na tambaye shi abin da zai yi yanzu, ya ce lafiya. Tun ranar da na tsaya a madadin mahaifinki na ba shi ke, ban taɓa ganin ƙwayar idon mutumin nan ba. Tsakiyar kansa na sani, kuma ina shaida miki sanƙo ya fara.

Ga labarin gari. Masu mulki a Legas sun farka sun tarar kuɗin man fetur ya gudu, masana'antu suna rufewa, sai suka yi dogon tunani suka gano maganin: shanu. Wai duk ma'aikacin da aka kora, idan ya koma gona, za a ba shi bijimai biyu da garma, ya biya a hankali bayan girbi. Suna kiransa farfaɗo da tattalin arziki. Gwamnatin da baitulmalinta ba kowa sai ɓera za ta ciyo bashi a ƙasar Turawa ta sayi shanu, kuma, ikon Allah, shanun za su iso daidai shekarar zaɓe. Kin san wa aka ɗora a kan rabon a nan? Gabdo, dillalin Tike, kasuwar shanu, wanda muka zauna benci ɗaya a firamare. Mutum ne mai kirki, amma ko a lokacin, idan aka ba shi rabon alli, nasa ya fi tsawo.

Jam'iyyarmu ta yanke shawara ba za mu taɓa ko jelar shanun nan ba. Shugabanmu na nan, Ezekiya, ya roƙe ni in riƙa yi wa jama'a bayani a kasuwanni, wai bakina yana da gishiri. Na karɓa. A shekaruna, mutum ba ya ƙin aikin da za a saurare shi ba tare da ya riƙe bulala ba.

Susana tana gaishe ki. Ki ci abinci.

Kawunki,
Kalibu


Makarantar Aikin Jinya, Kaduna
Maris, 1983

Kawu,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan gwiwar ta tuba. A gaishe mini da Inna Susana, a yi mata ta'aziyyar madara. Na karanta wa abokan ɗakina farkon wasiƙarka, ɗaya ta yi dariya har ta ƙware. Amma ta ce in tambaye ka, albashin malamai daga Legas yake fitowa ko daga Yola, inda naku suke mulki? Ni ban ce komai ba, saƙo na isar.

Ni lafiya. Aiki ya yi yawa a asibiti, magani ya yi kaɗan. Jarrabawarmu ta ƙarshe a watan Disamba take. Idan na wuce ta, ko'ina aka tura ni zan iya riƙe gidan har Seth ya miƙe. Abin da nake roƙon Allah shi ne su samu abin da za su ci daga nan zuwa lokacin, don Mama Hajaratu ba ta iya komai yanzu, kuma idan rumbu ya zama babu kowa, ba ni da zaɓi sai in ajiye littafi in dawo.

Maganar shanun nan har nan ana yin ta. Kawu, ka san gonar mahaifin Seth ta daɗe ba a sa mata fartanya ba, ta koma saura, ƙasar ta yi tauri. Hannun Seth kuma hannun zare ne, rabonsa da noma tun yana saurayi. Ya rubuto mini cewa ba zai ɗaga ƙafa a kan maganar shanun ba sai ya ji ta bakinka. Ka san shi, ba zai iya buɗe baki a gabanka ba. Kai ne uba. Ka san abin da ya dace.

'Yarka,
Liyatu


Nassarawo, Mubi
Afrilu, 1983

'Yata,

Wasiƙarki ta iso, kuma ki gaya wa abokiyar ɗakinki mai tambaya cewa Yola ba ta haƙa mai. Abin da Legas ta zubo mata shi take rabawa. Idan ta gama jinya ta zo in koya mata sauran.

Muna lafiya. Zafi ya kai inda kajin Susana suke tafiya baki buɗe kamar 'yan majalisa.

Kin ce Seth yana jiran ta bakina. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji daɗin yabo. To, ya ji, kuma ba shi kaɗai ba. Ranar kasuwar Muchalla aka ɗora ni a bayan a-kori-kura, da gwiwata da komai, Ezekiya yana fassara wa tsofaffi da yaren garin. Na ce musu, wanda ya ba ka sa a shekarar zaɓe, ba gonarka yake so ya huɗe ba. Na ce su ƙirga da kyau in an kawo: bijimai biyu a gaba, na uku a baya riƙe da garma, shi ne ma ya fi sauran sauƙin kiwo, domin shi yake ciyar da kansa. Liyatu, da kin ga dariya! Wata mai sayar da ƙosai ta bar mai yana ƙonewa.

Da na ga wutar ta kama, sai na ƙara mata itace. Na buga ƙirji na ce, “Ni Kalibu ban haifi ɗan da zai sa wuyansa a karkiyar Gabdo ba, kuma ban ba irin wannan mutum 'yata ba!” Kasuwa ta ɗauki tafi. Mutane suka juya suna duban Seth, yana tsaye kusa da masu gyaran keke, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba. Na so in kira shi ya hau motar, amma na san kunyarsa.

Sakamako: da motar shanun ta zo, ko mutum ɗaya daga Muchalla bai fito ba. Gabdo ya zauna a inuwa yana fifita da hularsa har la'asar, sannan ya sa aka juya da su Kwaja, inda mutane ba su da irin tsantseninmu. Ezekiya ya ce har Yola an ji labarin. Ban taɓa cin wata nasara da ta fi kama ɗalibi yana satar amsa ba sai wannan.

Ki kwantar da hankalinki ki yi karatu. Kakanninmu da fartanya suka noma duwatsun nan.

Kawunki,
Kalibu


Kaduna
Mayu, 1983

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya.

Kafin wasiƙarka ta iso, Margret mai kawo wake daga Mubi ta riga ta ba ni labari. Na ce mata ƙarya ne. Sai ga shi da rubutun hannunka, har da mai ƙosai.

Ka yi mini gafara, yau zan yi magana kamar ba ni ka rena ba. Seth yana cikin waɗanda aka zaɓa. Tun watan Fabrairu aka ce masa ya shirya. Ya kafa turke biyu a bayan gida, ya yi rumfa, ya bi gonakin mutane yana roƙon harawa. Ya je wurin wani Bafulatani ya koyi yadda ake juya shanu a ƙarshen kunya. Abu ɗaya ya rage masa, kada ya karɓi kayan jam'iyyar da surukinsa yake zagi ba tare da surukin ya ce “je ka” ba. Ranar da ya zo ya tsuguna a ƙofarka, abin da ya kawo shi ke nan. Ya kasa. Shi ya sa na rubuto.

Kawu, surukai nawa gare ka a Muchalla? Da ka faɗi maganar nan a kan mota, wa kake tsammani mutane za su duba? Bayan an watse, ya tafi wurin Gabdo da ƙafarsa ya ce ya fasa. Gabdo ma ya ce masa ya sake tunani. Ya ce ba zai sa a yi wa uban matarsa dariya a kasuwa ba.

Za ka ce me ya hana in faɗa maka kai tsaye. Tun yaushe 'ya take ce wa uba yi kaza? Na ce ƙasa ta yi tauri. Na ce hannunsa hannun zare ne. Kai da kake karanta jawabin minista ka gaya mana abin da ya ɓoye a bayan kowane layi, wasiƙata ce ta gagare ka?

Ban san ko Legas da gaskiya take ba. Wataƙila duk abin da ka faɗa a kansu haka yake. Ni dai na san Dorcas da Christy ba sa cin hujja.

Ruwa ya sauka a can, in ji Margret.

Liyatu


Nassarawo, Mubi
Yuni, 1983

Liyatu 'yata,

Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Susana ta karɓa ta karanta, ta miƙo mini, ta shige madafa abinta. Na fi son ta yi faɗa.

Da farko na ɗauki alƙalami in nuna miki cewa bashin da ake ciyowa ku da 'ya'yanku za ku biya shi. Har yanzu haka na gani. Amma na ajiye, na hau keke na tafi Muchalla. Mayo, wato rafin da ke kan hanya, ya kawo ruwa, sai da na ɗauki keken a kafaɗa.

Na ga turakun. Na ga rumfar, da harawa a kanta an ɗaure ta tsaf. Mama Hajaratu tana zaune a ƙarƙashinta tana ɓarar gyaɗa. Da ta ji muryata ta ce, “Wane ne? Mai wa'azin shanu?” Na ce ni ne, Mama. Ta ce, “Sannu, Malam. An ce ka iya magana. Zauna a nan, inuwar ba mai ita.”

Seth yana gona. Ya buɗe wani yanki da bai fi filin wasan makarantarmu ba, sauran duk ciyawa da kututture. Da ya hango ni ya yar da fartanya ya tsuguna, ya ɓoye hannuwansa a baya. Na ce ya nuna mini. Tafin duk ya fashe, ya naɗe shi da tsumma. Na ce, “Seth, me ya hana ka gaya mini?” Ya ce, “Ba komai, Baba. Maganarka gaskiya ce.” Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Washegari na tafi Tike neman Gabdo. Ya hango ni tun daga nesa, ya tashi ya buɗe hannu. “A'a! Malam Kalibu! Ka kawo wuyan ne? Bari in duba ko akwai karkiya daidai kai.” Dillalai suka fashe da dariya. Na haɗiye, na gaya masa abin da ya kawo ni. Sai ya daina wasa. Ya ce shanun Seth suna Kwaja a hannun wani, sun gama gonarsa sun shiga ta maƙwabta, layi ya yi tsawo. Ya ce akwai ragowar da za a kai wata ƙaramar hukuma, zai iya tare biyu, har yanzu za a iya kama gyaɗa da wake. Amma manyansa sun ji haushin Muchalla. Sharaɗinsu, in koma kasuwar nan, in hau inda na hau, in ce na janye maganata. “Ba ni ba ne, Kalibu,” in ji shi. “Ni yaron nan tausayi yake ba ni.”

Na kai wa Ezekiya maganar. Ya kama kansa da hannu biyu. Ya ce, “Malam, zaɓe saura ƙiris! Ka janye yanzu, ka kashe mu daga nan har Michika. Ka bari a jefa ƙuri'a. Idan muka ci, tarakta za mu kawo wa surukinka, ba sa ba.” Ya yi alkawarin tura matasan jam'iyya su yi wa Seth gayya.

Na yarda da haka. Ina ganin ita ce hanyar da ba za a rasa komai ba. Watan Agusta da za a yi zaɓen ba nisa. Ki ƙara haƙuri kaɗan.

Kawunki,
Kalibu


Nassarawo, Mubi
Satumba, 1983

Liyatu,

Ban ji daga gare ki ba tun wancan lokaci. Kullum ina biyawa gidan waya, har mai rabon wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun kafin in jingine keke. Ina fata lafiya ce, aiki ne ya yi yawa. Mu nan muna nan.

Matasan gayya sun je, kamar yadda aka alkawarta. Sun iso da rana tsaka da tutoci, sun yi waƙa, sun cinye tuwon da Seth ya sa aka dafa musu daga ɗan abin da ya rage, suka tafi taro kafin la'asar. Abin da suka nome, tabarma biyu za ta rufe shi.

An yi zaɓe, mun sha ƙasa. Ezekiya ya ce maguɗi ne, ya tafi Yola kai ƙara, bai dawo ba. Na koma Tike ranar da aka faɗi sakamako, na ce wa Gabdo a shirye nake in hau ko kan rufin kasuwa ne. Ya dube ni ya ce, “Wa zai saurare ka yanzu? Kuma shanun sun ƙare. An ce babu kuɗi.” Kin ga ashe annabcina ya cika, shirin bai wuce zaɓe ba. Ban taɓa sanin gaskiya tana da ɗaci a bakin mai ita haka ba. Waɗanda suka karɓa a Kwaja dai ba wanda ya zo ya ƙwace. Dawarsu ta fi ni tsawo.

Ruwa kuma yana neman ɗaukewa da wuri. Ɗan abin da Seth ya shuka ba zai kai su Kirsimeti ba.

Ga abin da muka shirya ni da Susana, ita ce ma ta faɗa. A kawo Dorcas da Christy da Mama Hajaratu nan Nassarawo. Ɗakin littattafaina ya isa, littattafan su koma ƙarƙashin gado, sun yi abin da za su yi. Abin da muka ci su ci, har ki gama. Ban gaya wa Seth ba tukuna, domin na san zai ce lafiya. Ke ki rubuta masa ki ce umarnina ne, tunda wannan ne kaɗai yaren da na koya masa.

Kada ki bar makarantar nan, Liyatu. Disamba ta kusa. Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Kawunki,
Kalibu


Muchalla
Oktoba, 1983

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna Susana. Wasiƙarka ta watan Satumba ta isa Kaduna bayan na taso, wata abokiyar karatuna ce ta ba Margret ta kawo mini nan. Na gode. Na gode wa Inna ƙwarai.

Ban amsa ta Yuni ba don ban san me zan ce ba. Ka je ka ga hannunsa da idonka, aka ba ka hanya, ka ce a jira Agusta. Na yi ta ɗaukar biro ina ajiyewa.

Mama ta faɗi a bakin mayo wajen ɗiban ruwa, ƙugunta ya goce, ba ta tashi. Seth ya tafi Kwaja aikin girbi, ana biyansa da dawa, sai ranar Asabar yake dawowa. Ba wanda zai juya Mama, ba wanda zai dafa wa yara. Na je wurin shugabar makaranta na roƙa a ajiye mini gurbina zuwa baɗi. Ta ce da a da ne da ta yi, amma yanzu an rage musu komai, wanda ya fita ya fita. Ta yi kuka, ni ma na yi. Na kawo kayan aikina, da su nake wanke wa Mama ciwon kwanciya, ka ga karatun bai tafi a banza ba.

Seth bai san na rubuto maka waccan wasiƙar ta watan Mayu ba, kada ka gaya masa. Ya ce in gaishe ka, in tambayi gwiwa.

Yanzu tsakaninmu tafiyar keke ce. Ka daina ɓata kan sarkin gidan waya. Ka zo.

'Yarka,
Liyatu


Nassarawo, Mubi
Oktoba, 1983

'Yata,

Mun ji, muna gaishe da Mama da jiki. Susana za ta zo gobe da man zafi da abin da ta iya haɗawa, ita za ta miƙa miki wannan.

Na rubuta wa shugabar makarantarku da Turancina mafi kyau. Ba na sa rai.

Na zauna in bayyana miki yadda abin ya faru, na cika shafi da Legas da Yola da farashin mai. Na karanta, na ga ba sunanki a ciki ko sau ɗaya. Susana ta hura wuta da shi.

A watan Afrilu ban gane ba. A watan Yuni na gane sarai. Ni na yi kuskure, Liyatu, ke kika biya.

Zan zo ranar Asabar.

Kalibu